Muzurun Gidan Makoki

Velaphi Sibiya ya rasu ranar Lahadi da hantsi, yana sunkuye yana ɗaure igiyar takalmi zai tafi coci. Bai yi jinya ba, bai wahalar da kowa ba. Abin da ya bari shi ne gida mai ɗaki huɗu a unguwar Imbali, da matarsa MaShezi, da wani muzuru mai ciwon suga.

Kafin rana ta faɗi danginsa sun fara sauka daga Nongoma da jakunkuna da barguna. Ko ruwa ba su tsaya sha ba suka shiga aiki. Aka fitar da gado da durowa daga ɗakin barci, aka juya madubi ya kalli bango, aka shimfiɗa katifa a ƙasa, aka zaunar da MaShezi a kai, aka lulluɓe ta da bargo tun daga ka. A gefenta aka ninke kwat ɗin mamacin aka kunna kyandir. Daga nan har a binne shi ranar Asabar, katifar nan ce duniyarta. Ba za ta tashi ba sai in za ta kewaya, shi ma da 'yar rakiya. Ba za ta ɗaga murya ba. Kicin kuwa, wanda ta yi shekara talatin da ɗoriya tana mulkinsa, ya koma hannun wasu.

MaShezi ba ta da ja da wannan. Uwarta ta yi zaman, kakarta ta yi, ita kanta ta taya mata da yawa. Matsalar dai ita ce, waɗanda suka kafa al'adar ba su taɓa jin an yi wa mage allura ba, don haka ba su bar wa wannan gurbi ba.

Mfundisi ake kiran muzurun, wato fasto da yarensu, saboda baƙi ne wuluk, sai wani farin zobe a wuya irin na limaman coci. Velaphi ne ya tsinto shi a bayan tashar jirgin ƙasa inda yake aiki, yana ɗan mitsitsi, ya kawo shi gida a aljihu. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma mutane ba su fasa haɗa zancen biyu ba, a gabansu da bayan idonsu. Da muzurun ya manyanta sai ya soma ramewa, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana jiƙa kaskon yashinsa sharkaf. Likitar dabbobi a cikin gari ta duba jininsa ta ce suga ne. Velaphi ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi bai san mage na da wannan gatan ba. Da ya gama dariyarsa ya ce a koya musu allurar.

Tun daga ranar gidan ya koma bin agogon muzuru. Safe da yamma, Velaphi ya buɗe gwangwanin naman da likita ta yarda da shi, ita kuma ta fito da 'yar kwalbar insulin daga firij, ta murza ta a hankali tsakanin tafukanta, ta ja ruwan zuwa layi na biyu a jikin sirinji. In Mfundisi ya ci rabin kwano, sai ta ɗaga fatar bayan wuyansa ta soka, shi ko ɗago kai ba ya yi. Tuwon masara, burodi da nono duk an yi masa iyaka da su. Su biyun suka daina kwana a bikin kowa, kuma in coci ta ja lokaci a ga sun zame ta ƙofar baya kamar masu laifi.

Allurar yammacin Lahadi ta samu ta yi a gurguje kafin a zaunar da ita. Ta safiyar Litinin ce ta tona asiri. Thoko, yayar mamacin, ita ta karɓi mukullan gidan da ragamar komai, mace mai jiki da murya, wadda ko gaisuwa ta yi sai ka ɗauka umarni ne. Ta shigo ɗakin riƙe da 'yar kwalbar da yatsu biyu.

“Makoti,” ta ce. Haka take kiranta tun ranar da aka kawo ta gidan, wato amarya, ko da yake furfura ta daɗe da cinye kan amaryar. “Na je ajiye allurata a firij na tarar da wannan. Ta waye? Ke ma sugan ya kama ki, kika yi shiru?”

“Ta muzurun ce, Anti,” MaShezi ta amsa daga ƙarƙashin bargo.

Tsofaffin matan da ke jingine da bango, masu taya ta zama, duk suka ɗago.

“Ta wa?”

“Ta Mfundisi. Yana da suga. Yanzu ma lokacinta ya yi.”

“Oh ni Thoko! Ni in tashi tun duku-duku in hau bayan mota in je asibiti in bi layi har rana ta take, wani sa'in a ce mini ya ƙare in dawo jibi, ku kuna nan birni kuna ɗura wa mage? Ashe ƙanena ya zautu ban sani ba.”

“Baƙar mage a gidan makoki,” wata tsohuwa ta ce, tana kallon kyandir ba kowa ba. “Mu dai a wajenmu mun san masu ajiye irinsa, mun kuma san inda suke aikensa. Mutum lafiyarsa lau, yana ɗaure takalmi...”

Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma bukatar ƙarasawa. MaShezi ta ji maganar ta shige ta har ƙashi, ta sunkuyar da kai kamar yadda ake so.

“A rufe shi a sito bayan kicin,” Thoko ta yanke. “Kar in ga ƙafarsa a tsakar gida sai an watse. Allura kuma ki nemi mai yi miki. Ni ban taso daga Nongoma don jinyar mage ba.”

Ta fita ta bar ƙofa tana lilo. Da ta ƙara ko minti ɗaya a ɗakin, da ta ji abin da MaShezi ta raɗa wa ƙanwarta Buyi, wadda ta durƙusa kusa da katifar da kofin shayi.

“Ki saurare ni da kyau. Sai ya ci tukuna. In bai ci ba kar ki yi masa, ki zo ki gaya mini. Layi biyu za ki ja, ba biyu da ɗigo ba.”

“Sisi,” in ji Buyi, wato yaya da yarensu, “ni fa ko ƙaya ba na iya cire wa mutum. Kin manta ranar da na suma a wurin hujin kunne?”

“Ba zai cije ki ba, ya fi ki haƙuri. Sai na ƙarshe, shi ne babba. In kin soka kina shakka ko ta shiga ko ba ta shiga ba, ki bar shi haka nan. Kar ki sake. In suga ya hau, sai ya yi kwanaki kafin ya yi ɓarna. In ya faɗi kuwa, kafin ki dafa shayi ya gama da shi.”

“Yanzu duk matan gidan nan a rasa mai zama nas ɗin mage sai ni?”

“Ke kaɗai ce tawa a gidan nan, Buyi.”

Buyi ta yi tsaki, ta ɗauki kwalbar da Thoko ta dangwarar a bakin taga, ta fita tana gunaguni.

Haka makon ya ci gaba. Mutane suna shigowa da gwiwa, su zauna a ƙasa, a ba su labarin igiyar takalmi, su ce kai duniya, su ajiye abin da suka kawo a faranti, su fita a ba su shayi da cincin. Da yamma matan coci su zo su cika ɗakin da waƙa. MaShezi tana ƙarƙashin bargo tana ganin ƙafafu kawai. Ta koyi gane gidanta da kunne: ga ƙarar murfin firij, ga ƙugin ƙofar sito, ga atishawar Buyi, domin gashin mage bai taɓa yi mata daɗi ba. In ta ji ukun nan a jere sai ta saki numfashi.

Kunya tana kama ta wani lokaci. Ana tsaka da yabon Velaphi, yadda ya riƙe zumunci, yadda bai taɓa makara a wurin aiki ba, ita kuma hankalinta yana kan kwanon roba a sito. Amma ta san mijinta. Da za a ba shi damar ɗago kai sau ɗaya daga inda yake kwance, ba zai tambayi wa ya zo wa bai zo ba. Cewa zai yi, Mfundisi ya ci?

Shi kuwa Mfundisi cin nasa raguwa yake yi. Muzurun da ya saba da mutum biyu da rediyo, yau ga gida cike da takun baƙi, ga shi a kulle tsakanin buhun masara da tsohuwar keken ɗinki. Buyi takan kawo rahoto tare da shayi. Ya ci rabi. Ya ci kashi ɗaya cikin uku yana hararata. Ranar Alhamis da yamma ko sansana kwanon bai yi ba, MaShezi ta ce a bar allurar.

Juma'a ita ce ranar da ake kawo gawa gida ta kwana. Tun da sassafe aka kafa rumfa ta toshe titi, maza suka kayar da sa a bayan gida, dab da bangon siton, da ihu da haushin karnukan unguwa. Tukwane masu ƙafa uku suka hau wuta. Buyi ta shigo da shayi, idonta ja saboda hayaƙi.

“Ya ɗan lasa, kamar cokali biyu. Na yi masa.”

“Cokali biyu ai bai kai ba, Buyi.”

“To ke kika ce in ya ci. Ya ci. Ni na san ma'aunin cikin mage ne? Kuma ma ina jin ba ta shiga ba. Ina sokawa san da ake kayarwa ya yi kuka, muzurun ya zabura, na ga gashinsa a jiƙe.”

“Kin sake?”

“Ina fa! Kin ce kar a sake. Ga kuma Anti Thoko tsaye a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu tana kallona, wai hannuna kamar na mai tankaɗe.”

“Shi ke nan, bar shi haka. Ki ajiye masa abincin kusa, ko zai ci anjima.”

Ta lallashi kanta da cewa in allurar ta zube a gashi, to gara haka, tunda cikinsa ba komai.

Bayan azahar aka aiko cewa mota ta taso daga wurin ajiye gawa. Ɗakin ya motsa. Aka share gefen bango inda za a ɗora akwatin, aka ƙara kyandir, tsofaffi suka gyara ɗaurin kallabi, aka gyara wa MaShezi bargonta aka daidaita mata zama. Duk zaman makon nan don wannan sa'ar aka yi shi, mutum ya dawo gidansa ya tarar da matarsa a inda ya kamata. Ana cikin haka Buyi ta kutso tsakanin mata, ta durƙusa, tana danne dariya.

“Sisi, ɗanki fa ya bugu. Ko giyar mazan nan ya samu ne? Na leƙa na ga yana tafiya yana tangaɗi, ya yi karo da buhu, ya faɗi, ya tashi ya sake faɗuwa. Yanzu yana kwance yana wani irin kuka.”

“Idonsa fa?”

“A buɗe, ƙuru, amma kamar bai gan ni ba.”

MaShezi ba ta tsaya auna komai ba. Daga baya mutane sun ce ta zaɓi mage a kan mijinta, amma a lokacin ba zaɓi ta yi ba, tashi kawai ta ga ta yi. Ƙafafunta sun yi tsami da zama, ta dafa bango, bargon ya zame daga kanta yana jan ƙasa.

“Makoti, ina za ki?” wata ta ce. “Kewayawa ce? Tsaya a raka ki.”

Ta ratsa falo ba takalmi, ta wuce mazan da ke zaune da huluna a gwiwa, ta shiga kicin. Matan da ke yanka kabeji suka tsaya da wuƙaƙe a hannu. Ta miƙa hannu saman kanta inda take ajiye kwalbar zuma don irin wannan rana, ta tarar da kofunan aro.

“Ina zumata?”

Wannan ce maganar farko da ta yi da ƙarfi tun ranar Lahadi, kuma har rumfa an ji ta.

“Mama, ai an shafa wa baƙi a burodi tun shekaranjiya,” wata ta ce a tsorace.

Ta fizgi kofi, ta kamfaci suga daga bokitin shayi, ta zuba ɗan ruwan zafi ta dama da yatsa, ta tura ƙofar sito.

Mfundisi yana kwance ta gefe a kan siminti, ƙafafunsa suna shure-shure a iska, miyau na dalala. Kunnuwansa sun yi sanyi. Ta zube a ƙasa ta ɗora shi a cinya, ta ɗage leɓensa, ta shiga shafa ruwan sugan a dasashinsa, tana kiran sunansa ƙasa-ƙasa. Likita ta ce kar a ɗura, ya shaƙe. A shafa, a jira, a sake shafawa. Sau ɗaya hakan ta taɓa faruwa, ran da ya yi aman abincinsa, kuma kafin Velaphi ya gama neman mukullin mota muzurun ya miƙe yana lasar baki. Yau ta shafa, ta shafa, bai ko ƙifta ba.

Inuwa ta rufe ƙofar. Thoko ce, da baƙin mayafinta na tarbar gawa.

“Makoti! Kanki ɗaya kuwa? Mijinki ya shigo unguwa, ke kina nan zaune a ƙasa da mage a cinya? So kike ki tabbatar musu da abin da suke faɗa?”

MaShezi ba ta kalle ta ba. Buyi ta nema da ido, wadda ke raɓe a bayan Thoko, dariyar ta gudu daga fuskarta.

“Buyi, layi nawa kika ja?”

“Biyu, Sisi. Na rantse da kabarin Mama, biyu.”

“Biyu ba ta yin haka. Ko da cikinsa wayam ne, biyu ba ta yin haka.”

Faratan muzurun suna karce bargo. Can Thoko ta yi gyaran murya.

“Ai tata ba ta shiga ba,” ta ce. “Da idona na ga ruwan a gashinsa.”

Sai a lokacin MaShezi ta ɗago.

“Yarinyar nan tsoron allura take, ta watsa masa a jiki ta gudu. Jiya ma ba a yi masa ba, ina lura. Ni na san abin da rashin allura ke yi wa mai suga, ba labari aka ba ni ba. Shi ne da ta fita na ɗauko na yi masa da kaina. Ko motsi bai yi ba.”

“Nawa, Anti?”

“Biyun nan ko ganinsa ba a yi a sirinji, Makoti. Ni ashirin da wani abu nake yi kowace safiya. Na ce bari in ɗan ƙara masa ya rama ta jiya.”

“Nawa?”

“Bai fi shida ba.”

MaShezi ta rufe ido. Shida a kan ta Buyi, wadda wataƙila ta shiga, a cikin da ba komai sai cokali biyu.

“Tun Laraba nake leƙa shi,” Thoko ta ce, muryarta ta sauka har ba ka ce tata ba ce. “Ramewa yake yi. Na ƙanena ne. Na ce ba za a ce na riƙe gidan nan mako guda abinsa ya lalace a hannuna ba.”

Daga bakin titi waƙa ta tashi, irin mai nauyin nan da ake yi in mota ta tsaya. A ƙarƙashin waƙar ana jin muryar Kawu Zikode, dattijon da ya je ɗauko mamacin da reshen ƙayar da ake jagorantar kurwa gida da shi a hannu, yana yi masa bayanin hanya kamar yadda aka saba: Velaphi, ga mu mun iso titinku, ga ƙofar gidanka.

“Suga ba zai riƙe shi ba,” MaShezi ta ce. “Sai an sa masa ruwa ta jijiya. Sai likita.”

Ta yunƙura za ta tashi da shi. Thoko ta tare ƙofa, ta warware mayafinta, ta sunkuya da ƙyar ta karɓe muzurun ta naɗe shi a ciki.

“Ina likitar take?”

“Cikin gari, bayan tashar tasi, gini mai koren ƙyaure. Buyi ta je. Anti, ke ce babba, ke za ki tarbe shi a ƙofa.”

“Buyi ta tsaya kusa da ke, yau kina bukatar naki. Ni na yi, ni zan kai. Velaphi ya san ni, ba sai na tsaya a ƙofa ba. Ba ni kofin. Ke kuma koma katifarki tun mijinki bai riga ki ba.”

“A dasashi za ki riƙa shafawa. Kar ki ɗura masa.”

“Na ji.”

Gaba a toshe yake da rumfa da motar gawa, don haka ta bayan gida ta bi, ta wuce mazan da ke fiɗa, ta tsallaka ɗan shingen maƙwabta da wannan jiki nata, tana ƙwala wa mai gidan kira ya fito da motarsa.

MaShezi ta koma ɗaki ta zauna, Buyi ta ja mata bargon. Tsohuwar da ke damanta ta ɗan matsa gefe ta tattare zanenta. Ba a jima ba aka shigo da akwatin, maza suna karkata shi don ya wuce ƙofa. Kawu Zikode ya ajiye reshen a kai ya ce, ga ɗakinka, ga matarka tana zaune tana jiranka. Da ya gama ya waiwaya.

“Ina Thoko?”

Sai tsohuwar nan ta ranar Litinin ta ce, da murya mai daɗi kamar tana ba da labarin biki, “Ta kai mage asibiti, Baba.”

Kawu ya dubi bargon da MaShezi ke ciki ya daɗe, sannan ya fita.

Akwatin yana kusa da ita har tana jin ƙamshin fentinsa. Ta so ta ba shi dukkan zuciyarta, ta kasa. Rabi yana nan, rabi yana cikin motar maƙwabci a hanyar gari, yana ƙirga fitilun kan titi, yana tambaya ko Thoko tana shafawa ko ta gaji ta ɗura. Yatsunta suna manne wa juna saboda suga, ba ta da halin tashi ta wanke. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka shigo da shayi aka fitar da kofuna. Rana ta sauka daga taga zuwa bango.

Gab da magariba ta ji takun Thoko a falo, mai nauyi, ba sauri. Ta ɗaga gefen bargon. Mayafin yana ninke a hannun Thoko, ba komai a ciki. Wannan bai nuna komai ba, ta gaya wa kanta, ai in an sa masa ruwa kwana zai yi a can.

Thoko ba ta dubi katifar ba. Ta wuce kai tsaye gaban akwatin, ta dafa shi ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara. Mata suka yi shiru, domin in babbar 'yar gida za ta yi wa mamaci magana ba a katse ta.

“Velaphi, ɗan uwata, ni ce Thoko. Na makara, ban tarbe ka ba, ka yi haƙuri.” Ta ja numfashi. “Abokinka ya biyo ka. Mun isa, likitar ta yi iya yinta, ta sa masa ruwa, ya buɗe ido sau ɗaya. Bai tsaya ba. Kar ka nemi laifin matarka, ta riƙe shi yadda ka bar mata. Kar ka nemi na Buyi. Ni ce na turo maka shi, da hannuna. Yana gidan maƙwabta a cikin kwali, ban shigo da shi ba don bakin mutane. In ka gan shi ka karɓe shi.”

Haka MaShezi ta ji labarin, ta bayan kafaɗar mai faɗa, ana gaya wa wani. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta ji ƙiyayya ce, tsantsarta, irin wadda ba ta taɓa sanin tana da ita ba. Shekara da shekaru tana murza kwalba tana ƙirga layi, ta hana kanta biki da tafiya, mace ta zo daga ƙauye ta rushe shi da safiya ɗaya don ta fi kowa sani. Ranar Lahadi dangi za su kwashe barguna su tafi, ita ta tashi da safe a gidan da ba mai jiran ta buɗe firij. Ta zuba wa ƙeyar Thoko ido, tana neman kalmar da za ta yi mata ciwo har ta mutu.

Tana cikin kallon ne ta ga gumi. Yana tsattsafowa daga ƙarƙashin kallabin yana gangarowa wuya, alhali ɗakin ba zafi. Hannun da ke dafe da akwatin yana rawa har zoben yana ƙwanƙwasa katako. Thoko ta yi yunƙurin tashi ta koma, ta sake cewa ka karɓe shi, harshenta yana harɗewa. Matan suka ɗauka baƙin ciki ne, wata har ta fara jan waƙa. MaShezi ta fi su sanin abin da take gani, ba kuma don tana so ba.

“Anti,” ta ce. “Yaushe rabonki da abinci?”

Thoko ta juyo a hankali, idonta bai tsaya wuri ɗaya ba.

“Na yi allurata da safe,” ta ce. “Ban samu zama ba.”

“Buyi, shayi. Ki cika masa suga. Yi sauri.”

Buyi ta ruga ta dawo da kofi yana zuba. Thoko ta kau da kai, ta ture shi da bayan hannu.

“Ku bar ni. Ku bar ni haka nan.”

MaShezi ba ta yafe mata ba, ba ranar ba, ba kuma da wuri ba. Ta dai matso bakin katifar iya inda al'ada ta bar mata, ta karɓi kofin daga hannun Buyi, ta kamo haɓar Thoko da yatsunta masu danƙo, ta kafa mata shi a baki.

“Sha, Anti,” ta ce. “Biyu sun ishe ni a mako ɗaya.”

Thoko ta sha.